Tambaya: ta yaya zan fita daga madauki (loop) uku lokaci guda a Python?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa na wannan dandali. Ina koyon Python ne, kuma wata makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwarmu ta ba ni aikin rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙa duba jadawalin darussa, domin a gano inda aka sa malami ɗaya a ajujuwa biyu a lokaci guda. Jadawalin na kwana 5 ne, Litinin zuwa Juma'a, kowace rana tana da lokutan darasi 8 in ban da Juma'a da ake tashi da wuri, ajujuwan kuma 12 ne. Ga abin da na rubuta:

```python
for rana in jadawali:
    for lokaci in jadawali[rana]:
        malamai = jadawali[rana][lokaci]
        for malami in malamai:
            if malamai.count(malami) > 1:
                print("An samu karo:", rana, lokaci, malami)
                break
```

Mataimakin shugaban makarantar yana son manhajar ta tsaya da zarar ta ci karo da matsala ta farko, saboda idan ya gyara wuri ɗaya sauran jadawalin yakan motsa, don haka gara ya gyara ɗaya ya sake dubawa. To amma `break` ɗin da na sa ba ya tsayar da aikin, sai manhajar ta wuce lokaci na gaba da rana ta gaba tana ta fitar da sakamako har zuwa Juma'a. Shin akwai umarnin da zai fitar da ni daga madaukai ukun gaba ɗaya? Allah ya saka da alheri.

Malamar Kawo ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. `break` ɗinka yana aikinsa daidai, sai dai aikin nasa bai wuce madaukin da yake zaune a ciki kai tsaye ba, wato na malamai. Wanda ya fito daga uwar ɗaki bai bar gidan ba tukuna, akwai tsakar gida a gabansa, akwai kuma zaure. Da zarar madauki na uku ya tsaya, na biyu zai ɗauko lokaci na gaba ya sake shiga na ukun daga farko.

Python ba shi da umarnin da kake nema, kuma ba mantuwa aka yi ba. A shekarar 2007 an gabatar da wata shawara mai lamba PEP 3136, wadda ta nemi a ba `break` da `continue` damar ambaton madaukin da suke nufi. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya ƙi amincewa da ita, bisa hujjar cewa ba kasafai ake samun kod mai sarƙaƙiyar da ke buƙatar hakan ba, kuma akwai hanyoyin da suke wadatarwa, musamman `return`. Hanyar da nake koya wa ɗalibaina ke nan: ka kwashe madaukai ukun ka zuba su cikin fankshan ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai neman karo na farko.

```python
def karon_farko(jadawali):
    for rana, lokuta in jadawali.items():
        for lokaci, malamai in lokuta.items():
            for malami in malamai:
                if malamai.count(malami) > 1:
                    return rana, lokaci, malami
    return None
```

`return` yana fita daga fankshan ɗin baki ɗaya, ko da madaukai goma ne a jere, ya kuma miƙa maka amsar a hannu. Ribar ba ta tsaya a fitar ba: yanzu neman karo daban, buga sakamako daban, don haka gobe idan aka ce a rubuta sakamakon cikin fayil maimakon a nuna shi a allo, ba sai ka taɓa madaukan ba. Kana kuma iya ba fankshan ɗin ɗan jadawalin gwaji na kwana ɗaya ka ga ko ya dawo da abin da kake tsammani.

Abu biyu za ka kula da su. Idan jadawalin ba shi da matsala, fankshan ɗin zai dawo da `None`, kuma idan ka rubuta `rana, lokaci, malami = karon_farko(jadawali)` kai tsaye, manhajar za ta faɗi da `TypeError` a ranar da jadawalin ya gyaru, wato ranar da ya kamata a yi murna. Ka karɓi amsar cikin suna ɗaya tukuna, ka duba `if amsa is None`, sannan ka rarraba ta. Na biyu kuma, abin da manhajar za ta kira karo na farko ya dogara ne da tsarin da ka shigar da ranakun, domin tun daga Python 3.7 `dict` yana riƙe abubuwa bisa yadda aka zuba su. Idan Laraba ce ta fara shiga, matsalar Laraba za ka fara gani.

Za ka ga wasu suna amfani da tuta, wato su sa `an_samu = False` a sama, su mayar da ita `True` idan an samu karo, sannan su bi kowane madauki na waje da `if an_samu: break`. Yana aiki, amma a madaukai uku sai ka rubuta wannan dubawar sau biyu, kuma duk wanda ya zo daga baya ya ƙara madauki na huɗu ya manta da tasa dubawar, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, amsar da ba daidai ba kawai za ta ba shi.

Mai Shafuka na Barnawa ya rubuta:

Na yarda da Malama cewa `return` ya fi tsabta a nan, amma ni ban gamsu da hujjar da aka ƙi waccan shawarar da ita ba, domin da yawa daga cikin yarukan da muke aiki da su kullum suna da wannan damar, kuma ba su lalace ba. A Java ana sa wa madauki laƙabi ne, sai a kira laƙabin wajen fita:

```java
waje:
for (String rana : ranaku) {
    for (String lokaci : lokuta) {
        if (akwaiKaro(rana, lokaci)) {
            break waje;
        }
    }
}
```

JavaScript haka yake yi, haka ma Go da Swift. Kotlin yana rubuta `break@waje`, Rust yana sa alamar `'` a gaban laƙabin ya zama `break 'waje`, Perl kuma yana cewa `last` ya bi shi da laƙabi. PHP da Bash su suka bi wata hanya dabam, inda ake rubuta `break 2` ko `break 3`, wato yawan madaukan da za a tsallake. Wannan ta lamba ba na son ta ko kaɗan duk da cewa PHP nake ci da shi, saboda lambar ba ta san an ƙara madauki a tsakiya ba; `break 2` na jiya da ke fitar da kai waje, yau sai ya ajiye ka a tsakiya. A da ma har ana iya rubuta `break $n` a bar manhajar ta lissafa zurfin da kanta, sai a PHP 5.4 aka cire wannan. Laƙabi kuwa yana nan inda aka sa shi ko an ƙara madauki ko an rage.

Idan kuma ɗan'uwa yana da dalilin da zai hana shi buɗe sabon fankshan, Python yana da wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba, ita ce `else` da ke bin madauki. Wannan `else` ɗin yana gudana ne kawai idan madaukin ya ƙare da kansa ba tare da `break` ba.

```python
for rana, lokuta in jadawali.items():
    for lokaci, malamai in lokuta.items():
        for malami in malamai:
            if malamai.count(malami) > 1:
                print("An samu karo:", rana, lokaci, malami)
                break
        else:
            continue
        break
    else:
        continue
    break
```

Idan ba a samu komai a madauki na ciki ba, `else` zai gudana, `continue` ya tsallake `break` ɗin da ke ƙasa. Idan an samu, ba a shiga `else` ba, sai `break` na biyu ya kama, na uku ma ya bi bayansa. A madaukai biyu ina amfani da ita ba tare da wata damuwa ba. A uku, kamar yadda kuke gani, layi shida ne suka tafi wajen fita kawai, kuma idan tazarar farkon layi ta goce da taki ɗaya, `else` ɗin zai koma na `if` ko na wani madaukin ba tare da Python ya ce uffan ba. Na kawo ta ne domin ya gane ta idan ya haɗu da ita a kod ɗin wani.

Tsohon Injiniya na Kakuri ya rubuta:

Salamu alaikum. Yarana, tun da an jero yarukan zamani, bari in faɗi yadda muke yi a C, wanda shi ne na yi shekaru ina rubuta manhajar na'urori da shi. A C ɗin da muka yi aiki da shi babu laƙabin madauki, don haka `goto` muke amfani da shi, wato umarnin da ke tsallakawa kai tsaye zuwa wani layi, kuma babu kunya a ciki:

```c
for (r = 0; r < 5; r++)
    for (l = 0; l < 8; l++)
        for (a = 0; a < 12; a++)
            if (akwai_karo(r, l, a))
                goto an_samu;
printf("Babu karo\n");
return 0;
an_samu:
printf("Karo: %d %d %d\n", r, l, a);
return 1;
```

Na san ana gaya wa ɗalibai cewa `goto` abin ƙyama ne, ana jingina maganar ga Edsger Dijkstra, masanin nan ɗan ƙasar Holan, saboda wasiƙar da aka buga masa a mujallar Communications of the ACM a shekarar 1968. Abin da ya dame shi shi ne manhajojin wancan zamani da ake tsalle a cikinsu gaba da baya ba ƙa'ida, har mai karatu ya kasa cewa ga yadda aka yi aka iso wannan layin. A shekarar 1974 wani masanin kwamfuta, Donald Knuth, ya rubuta doguwar maƙala yana nuna wuraren da `goto` yake da amfani ko a cikin kod mai tsari, kuma Kernighan da Ritchie, a littafinsu na koyar da C, duk da cewa ba su ƙarfafa amfani da shi ba, sun ambaci fita daga madaukai masu zurfi a matsayin wurin da aka fi buƙatarsa. Har yau kod ɗin Linux cike yake da `goto`, ana amfani da shi a tsallaka zuwa ƙarshen fankshan domin a saki ma'adana a rufe abin da aka buɗe idan wani mataki ya gaza. Sharaɗin da na riƙe shi ne tsallen ya zama gaba ne kawai, zuwa wuri ɗaya da ke ƙasan madaukan. `break waje` da ɗana na Barnawa ya nuna ma `goto` ne da aka ɗaure shi da wannan sharaɗin.

Python ba shi da `goto`, shi ya sa wasu suke kwaikwayonsa da `raise`: su ƙirƙiri wani nau'in kuskure nasu, su jefa shi daga madauki na ciki, su tare shi da `except` a waje. Ban hana ba idan abin da ya faru kuskure ne na gaskiya, misali an samu layin da ya lalace a fayil ɗin jadawali. Amma samun karo shi ne ainihin abin da aka rubuta manhajar domin shi, bai kamata a ba shi suturar kuskure ba. Kuma akwai haɗari, domin idan wani ya sa `except Exception` a tsakiyar madaukan don wata buƙata dabam, shi zai haɗiye abin da ka jefa, madaukan su ci gaba da juyawa.

'Yar Unguwar Rimi ta rubuta:

Barkanku da wannan tattaunawa, Baba Injiniya Allah ya ƙara lafiya. Ni jadawalin kansa na tsaya na duba, kuma ina ganin akwai abin da zai ba ɗan'uwanmu wahala ko bayan ya samu hanyar fita. Kowace makaranta tana da lokutan da wani aji ba shi da malami. Idan an rubuta waɗannan guraben da `None` ko aka bar su fayau, kuma ajujuwa biyu suka kasance babu malami a lokaci ɗaya, `count` zai ƙirga gurbin sau biyu ya ce an samu karo. Tun da yanzu manhajar tana tsayawa a karo na farko, to a nan za ta riƙa tsayawa kullum, ta hana a ga matsalar gaskiya da ke gaba. Haka kuma idan ana haɗa ajujuwa biyu a gaban malami ɗaya da gangan, kamar yadda ake yi a darasin motsa jiki. Sannan idan an rubuta sunan malami da «Malam» a wani wuri, da «Mal.» a wani, manhajar za ta ɗauke su mutum biyu ta bar karon ya wuce, don haka a ba kowane malami lamba a yi aiki da ita.

Game da fita kuwa, ina son hanyar Malama, amma da ƙaramin sauyi, wato `yield` a madadin `return`:

```python
def duk_karo(jadawali):
    for rana, lokuta in jadawali.items():
        for lokaci, malamai in lokuta.items():
            an_gani = set()
            for malami in malamai:
                if malami is None:
                    continue
                if malami in an_gani:
                    yield rana, lokaci, malami
                an_gani.add(malami)

na_farko = next(duk_karo(jadawali), None)
```

Fankshan mai `yield` ba ya gudana har ƙarshe sai an nema; yana ba da amsa ɗaya ya dakata a inda yake. Don haka `next` zai karɓi karo na farko, sauran jadawalin kuma ba za a ko leƙa shi ba. `None` ɗin da ke cikin `next` shi ne abin da za a dawo da shi idan babu karo, in ba a sa shi ba sai a samu `StopIteration`. Abin da ya sa na fi son wannan shi ne na tabbata wata rana mataimakin shugaban zai ce yana son ganin duka matsalolin a takarda ɗaya kafin taron malamai, a lokacin `list(duk_karo(jadawali))` kawai za a rubuta. A lura dai, malamin da aka sa a ajujuwa uku lokaci guda zai fito sau biyu a jerin.

Na cire `count` ne saboda shi ma madauki ne a ɓoye, yana bin jerin malamai 12 daga farko zuwa ƙarshe ga kowane malami, wato kwatance 144 a lokacin darasi ɗaya. A wannan jadawalin jimillar ba ta kai 6,000 ba, kwamfuta ba za ta ji komai ba, amma ɗabi'ar ce ba na son ya saba da ita kafin ya kai ga bayanai masu yawa. Wani zai iya kawo `itertools.product` domin a mayar da madaukan su zama ɗaya, `break` guda ya wadatar. A nan bai dace ba, domin `product` yana haɗa kowace rana da kowane lokaci ne daidai wa daida, alhali Juma'a ba ta da lokuta 8.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malama, Baba Injiniya, Yaya na Barnawa da Anti ta Unguwar Rimi, Allah ya ƙara ilimi. Na ɗauki hanyar `yield`, kuma na ware darasin motsa jiki da guraben da babu malami, yanzu manhajar tana tsayawa inda ake so. Saura tambaya ɗaya. Jadawalin yana zuwa ne a fayil na CSV da ake fitarwa daga Excel, kuma ina buɗe shi da `with open`. Idan na sa madaukan a cikin `with` ɗin, sannan aka fita tun kafin a gama karanta fayil ɗin, shin zai rufu da kansa, ko sai na rufe shi da hannu?

Malamar Kawo ta rubuta:

Amsar ta dogara da wace hanya ka bi, ƙanena. Idan `return` ne ko `break` ko `raise`, `with` yana rufe fayil ɗin nan take yayin da ake fita daga cikinsa, ba sai ka yi komai ba, kuma dalilin da ya sa aka samar da shi ke nan. `yield` kuwa ba fita ba ne, dakatawa ce. Idan `with` yana cikin fankshan mai `yield`, ka kira `next` sau ɗaya ka tafi, fankshan ɗin yana nan tsaye a tsakiyar `with`, fayil ɗin kuma yana buɗe har sai an kira `close()` a kan abin da fankshan ɗin ya dawo da shi, ko kuma Python ya share shi daga ma'adana. A CPython, wato nau'in Python ɗin da mafi yawanmu muka sauke, sharewar takan faru da zarar babu sunan da ke riƙe da shi, shi ya sa a layin da 'yar'uwarmu ta rubuta ba za ka ga matsala ba. Amma idan ka adana shi cikin wani suna domin ka sake kiran `next` daga baya, fayil ɗin zai zauna a buɗe, kuma a Windows fayil ɗin da Python ya buɗe ba ya goguwa ba ya kuma karɓar sabon suna har sai an sake shi, wanda hakan zai iya tare mataimakin shugaban a daidai lokacin da yake son maye gurbinsa da jadawalin da ya gyara.

Tun da gurabe 480 ne iyakar abin da jadawalin zai ƙunsa, ka raba aikin biyu. Fankshan ɗaya ya buɗe fayil ɗin, ya karanta shi duka cikin `dict`, ya mayar da guraben da babu malami su zama `None`, ya rufe. Bayan nan ka miƙa wa `duk_karo` abin da aka karanta. Wajen buɗewar ka sa `newline=""` kamar yadda ake yi da `csv`, kuma idan an adana fayil ɗin daga Excel a tsarin CSV UTF-8, ka sa `encoding="utf-8-sig"` domin haruffan ƙ da ɗ da ɓ na sunayen malamai su fito daidai, alamar da Excel ke sawa a farkon fayil kuma kada ta manne wa sunan rukunin farko.